Jikan Pelagiya

Takardar likita ce ba a karanta ba. Ta shigo gidan tsohuwa Pelagiya a jakar makarantar jikanta Minas, ita kuwa ta ninke ta huɗu ta tokare ƙafar teburi da ita.

Minas shekararsa goma sha huɗu, nauyinsa ya haura kilo ɗari. Uwarsa na aikin otal a bakin teku, sai Lahadi take hawowa ƙauye, don haka cikinsa a hannun kaka yake. Ita kuma a shekarun yunwa ta tashi. A wurinta yaron da ba a ganin haƙarƙarinsa shi ne mai lafiya.

Ran nan maƙwabcinsu Lefteris, mai motar ɗibar zaitun, ya leƙo aron tsani, ya tarar da yaron dafe da ƙeya.

"Kaka, kaina. Kamar ana sara min gatari."

Pelagiya ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɗiga man zaitun. Man ya watse.

"Ka gani ko? Mugun ido ne, kambun baka. Matar mai burodi ce, jiya ta yaba kumatunsa ba ta tofa ba."

Ta tofa masa sau uku, ta yi alamar gicciye, ta yi hamma har da ƙwalla.

"Wane irin ido, Pelagiya?" in ji Lefteris. "Likitar makaranta ta ce jininsa ya hau kamar na ɗan shekara sittin. Duk ƙauye an ji."

"Wannan mai kama da sandar shara? Ta fara cin abinci tukuna. Kai ma da wannan tumbin naka har kana da bakin magana?"

Ta tsamo soyayyen cuku daga mai, ta malala masa zuma.

"Ci, ɗan lelena. Ciwon kai ba ya son cikin wofi."

Minas ya ci shida. Lefteris ma ya ci biyu, don babu mai soya shi kamarta. Ya fita da niyyar tare uwar yaron ran Lahadi, sai girbin zaitun ya kama, maganar ta bi ruwa.

Ana sati na uku da fara girbi, da hantsi, Minas ya sungumi buhu zai hau tudu. Bai yi taku ashirin ba ya zauna a gindin bishiya, ya ce ƙirjinsa. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Pelagiya ta ce kar wanda ya taɓa shi, ta gangara gida ɗauko kofi da mai. Aka tsaya ana jiranta. Sai da ta dawo ta ɗiga man sau biyu Lefteris ya ture ta, su huɗu suka ɗora yaron a bayan mota, kan buhuna.

Hanyar gari minti arba'in ce, duk kwana-kwana. Ba su kai rabi ba yaron ya cika.

A asibiti suka ce zuciyar ta daɗe da kumbura. Akwatin gawa na manya aka saya masa.

Maƙabartar ƙauyen ta cika, gurbi ɗaya ya rage wa gidan: wanda Pelagiya ta tanadar wa kanta kusa da mijinta, har an sassaƙa sunanta a dutsen kabarin. Nan aka sa Minas.

Bayan kwana tara mai sassaƙa ya zo da kayan aikinsa. Tana zaune a bakin kabarin cikin baƙaƙen kaya, hannu a cinya, yana kankare sunanta harafi bayan harafi.