Sunan Shagon Auta

Auta ba ta jin yaren mahaifiyarta, ba ta kuma taɓa damuwa ba. Kalma ɗaya tak ta tsinta, don da ita Mama ke rufe kowace hira a waya: "Dimshal ɗinki na nan." Auta ta ɗauka sa albarka ce irin ta tsofaffi, sai ta ce amin ta koma kan keken ɗinkinta.

Shekara takwas tana cewa za ta zo gida in aiki ya yi sauƙi. Aikin tela kuwa yaushe ya taɓa sauƙi? Har Mama ta rasu ba ta je ba.

Da ta buɗe sabon shago, sai ta sa aka rubuta DIMSHAL da jan fenti a saman ƙofa. Duk wadda ta tambayi ma'anarsa, sai Auta ta ce ado ne, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ranar da Inna, ƙanwar Mama, ta zo ganin likitan ido, a shagon ta huta. Tana zaune kan benci tsakanin ƙyallaye, wata mai karɓar ɗinki ta yi tambayar da aka saba, Auta ta ba da amsar da ta saba.

Sai da matar ta fita Inna ta ce, "Ke Auta, wa ya ce miki ado ne?"

"To mene ne, Inna?"

"Kwanon wanda ya yi tafiya. In an sauke tukunya, shi ake fara zuba wa, a rufe, ko zai iso. In bai iso ba, da safe a ba maƙwabta." Ta goge idonta mai ciwo da bakin mayafi. "Naki koren nan ne mai tsagaggen murfi. Na yi wa mamanki faɗa har na gaji, ta ce ai kin ce kina tafe."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Auta. Sau nawa ta ce amin? Almakashin hannunta ma ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Kullum, Inna?"

"Kullum. Ranar da ta kwanta ciwo ma ni ta sa na zuba."

Auta ta leƙa waje ta dubi jan rubutun. Ta yi tunanin kiran mai fenti, ta fasa. Da ta dawo ta ce, "Kwanon yana nan?"

"Yana nan," in ji Inna. "Sai dai babu mai zuba miki."