Lamba Tara ta Hautfosse

Huguette tana durƙushe tana ɗaure wa mijinta igiyar takalmi lokacin da ya sake tambayarta ko an wanke masa rigar wasa. Karo na uku ke nan tun bayan karin kumallo. Ta ce masa an wanke, tana can fili tana jiransa. Zenon Gorka ya gyaɗa kai, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura a cikin baƙin takalmin zuwa coci, ya ce yau 'yan Corvelle za su gane kurensu.

Shekararsa saba'in da huɗu. Shekara biyar ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi, yana cinsa daga ƙarshe zuwa farko. Ya fara ɗauke masa sunayen jikoki, sannan hanyar gidan burodi, sannan duk shekarun da ya yi yana tuƙa motar kai kaya bayan ya ajiye ƙwallo. Ƙuruciyarsa kawai ya bar masa. A cikin kansa har yanzu shi ne lamba tara ta Hautfosse, ɗan mahaƙin kwal da ya zura ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na shekarar 1975, ya kawo wa garin kofi guda ɗaya tal da ya taɓa ɗagawa.

Abin da ya biyo baya ya goge daga kansa sarai. Huguette ce ke ɗauke da shi ita kaɗai.

Shekara uku bayan kofin, shugaban ƙungiyar na lokacin, Duhamel, ya kira Zenon ofis ya shaida masa an sayar da shi ga Corvelle. Ba a tambaye shi ba. Corvelle kuwa, birnin masu masaƙu da ma'aikatan ofis, tafiyar rabin awa ce daga Hautfosse, kuma tun kakanni ba a ga maciji. Su suna kiran 'yan Hautfosse masu baƙar fuska, 'yan Hautfosse suna kiransu masu farin hannu. Zenon ya dawo gida ranar ya zauna a bakin gado yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Washegari jarida ta fito da maganar Duhamel cewa yaron ne ya matsa sai ya tafi, kwaɗayi ya ja shi. A kakar da ta biyo baya, a wannan filin nasu, sanye da shuɗiyar rigar Corvelle, Zenon ya sa wa ƙwallo kai ta faɗa ragar Hautfosse, ƙungiyar ta gangara rukuni na biyu. Bai yi murna ba, ya tsaya ne kansa a ƙasa. Ba wanda ya tuna wannan. Daga ranar sunansa ya koma Sayayye.

Sun dawo garin bayan ya yi ritaya saboda mahaifiyarsa ta ƙi barin gidanta. An fasa musu taga sau biyu. An daina gaishe su a kasuwar Asabar. Zenon bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba, yakan ce ƙwallon dai shi ya ci ta.

Wata uku da suka wuce wata yarinya daga ofishin ƙungiyar, Solène, ta zo har gida. Ta ce ƙungiya tana cika shekara ɗari, sababbin masu ita suna son a fito da tsofaffin taurari fili a hutun rabin lokaci ranar wasan Corvelle, a nuna wa duniya an yafe wa juna. Huguette ta ce ba ta san laifin da za a yafe wa mijinta ba. Ta kafa sharaɗi ɗaya: mai sanarwa ya faɗa a lasifika, kowa na ji, cewa ƙungiya ce ta sayar da shi ba da son ransa ba. Solène ta rubuta jimlar a littafinta, ta karanta mata, ta ce ta yi alkawari.

An ce za a turo musu mota, Huguette ta ce bas ya ishe su. Da suka shiga, ya cika maƙil da samari masu jan gyale, warin giya da soyayyen dankali ya gauraye ko'ina. Wani dogo mai ɗan kunne ya miƙe da sauri ya ba Zenon kujera, ya ce Kaka zauna, har ya riƙe masa hannu. Bas na tashi suka ɗauki waƙa, suna dukan rufi da tafin hannu. Tsohuwar waƙar nan ce da aka yi wa Sayayye, wadda ke cewa ya sayar da uwarsa da garinsu a kan shuɗiyar riga. Ba ɗayansu da aka haifa lokacin, ba kuma wanda ya san fuskarsa. Zenon yana buga ƙafa yana bin kiɗan, yana murmushi. Huguette ta juya ta kalli tsibin tokar kwal da ciyawa ta rufe yana wucewa ta taga.

A bakin fili ta hango yayanta Firmin a inda ya saba tsayawa shekara hamsin, gefen motar mai soya dankali, da tsofaffin abokansa. Shi ne babba a cikin tsofaffin magoya baya. Rabonsa da taka gidanta tun jana'izar mahaifiyarsu. Da ya gan ta ya bar mutanensa ya matso, yana goge maiƙo a jikin wando.

"Nadette, wa ya aike ki?" Ya tsaya, ya gyara, don Nadette sunan marigayiyar matarsa ne, bakinsa ne ya zame. "Huguette, mai da shi gida. Na ji abin da yaran can suka shirya."

"Kai ba za ka hana su ba?"

"Ni wa? Yanzu ba sa jin maganar kowa."

"Ka san gaskiya, Firmin. A kicin ɗin Mama na faɗa maka, kana cin miya."

Ya kawar da kai. Ya ce ya sani, bai taɓa cewa ƙarya take ba. Amma ita ma ta san yadda garin yake a lokacin: ana rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya rage wa mutane sai ƙungiyar nan, ga kuma an jefa ta ƙasa. Dole a samu wanda za a ɗora wa. Da ya tashi a mashaya ya ce Duhamel ne, da shi ma bai sake samun wurin zama ba.

Zenon ya zuba masa ido, can fuskarsa ta washe. Ya kama kafaɗarsa ya ce, "Firmin, mai ƙafar katako! Har yanzu kana bin mutane da baki? Ka tsaya bayan raga, yau zan ci maka ɗaya."

 Firmin ya ce to, Zenon. Ya koma wurin abokansa bai waiwayo ba.

Solène ta tarbe su a ƙofar manyan baƙi, waya a kunne, takardu a hannu. Ta zaunar da su a wani ɗaki tare da sauran tsofaffin 'yan wasa su shida. Gola na shekarar kofi yana kan keken guragu. Biyu sun gaishe da Zenon da hannu, sauran suka shagala da kallon talabijin. An tafi hutun rabin lokaci Corvelle na da ɗaya, Hautfosse ba ko ɗaya, kuma an kori ɗan wasan bayan Hautfosse guda. Ko daga ɗakin ana jin gurnanin filin.

Aka jera su a lungun da 'yan wasa ke fitowa, aka sa wa kowa jar riga a kan kwat. Ta Zenon da lamba tara a baya. Ya shafa ta da tafin hannu, ya miƙe tsaye sosai, irin miƙewar da Huguette ta daɗe ba ta gani ba. Ta taɓa hannun Solène ta ce tana so ta ga takardar da mai sanarwa zai karanta.

 Yarinyar ta ce an ɗan yi gyara jiya. Manya sun duba, sun ga ranar farin ciki ce, bai kamata a tono abin da zai ɓata wa wani rai ba. Ga iyalan Duhamel a sama, jikansa na cikin masu tallafa wa ƙungiya, rumfar gabas ma sunan kakansa ne a jiki. Ta miƙa mata takardar. An rubuta: Zenon Gorka, gwarzon 1975, wanda ya zaɓi wata hanya, yau ya dawo gida.

"Ya zaɓi," in ji Huguette.

"Madam Gorka, na yi iya ƙoƙarina, ki yarda da ni. Ni ma'aikaciya ce kawai."

"Ba ni lasifikar. Ni zan faɗa, jimla ɗaya ce."

Solène ta ce ba ta da wannan ikon. Idanunta sun kawo ruwa, amma ta riga ta juya tana ɗaga wa wani hannu.

Huguette ta yanke shawara nan take: za ta cire masa rigar su tafi. Ta juya ta kama hannunsa, sai ta kama iska. Zenon ya riga ya yi gaba. Ya ga hasken fili da koriyar ciyawa a ƙarshen lungun, ya bi bayan keken golan yana ɗan sassarfa, kafaɗu a buɗe. Ta bi shi, wani mai gadi ya tare ta da hannu a bakin layi, ya ce iyalai nan suke tsayawa.

Aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana tafi. Da aka zo kan nasa, ba a ma ji ƙarshen jimlar ba. Fito ya tashi daga rumfar bayan raga kamar za a tsaga kunne, ya zagaye filin. Aka saki wani dogon farin ƙyalle daga sama har ƙasa, an rubuta SAYAYYE da jan fenti. Kofunan giya suka fara sauka a kan ciyawa. A can kusurwar da aka killace baƙi, 'yan Corvelle dubu biyu suka miƙe tsaye suna tafi suna kiran sunansa, Gorka, Gorka, rabi don girmamawa, rabi don su ƙona wa maƙwabta rai.

Zenon ya tsaya a tsakiyar fili yana juyawa. Ya ga shuɗin tutoci, ya ji suna kiran sunansa. Fuskarsa ta murtuke. Ya ɗaga hannu ya yi musu daƙuwa, irin ta yaran layin mahaƙa, ya tofar da yawu, ya juya musu baya. Sannan ya nufi rumfar bayan raga, inda fiton ya fi ƙarfi, yana tafe yana ɗingishi, hannuwa biyu a sama. Ya kama gaban jar rigar ya sumbaci tambarin. Ya tsaya a gabansu yana dariya, yana dukan ƙirji.

Fiton ya ɗan yi rauni a layukan gaba, inda ake iya ganin fuskarsa. Daga sama kuwa ƙaruwa ya yi, don sun ɗauka tsokana ce. Wani kofi ya same shi a kafaɗa, giya ta jiƙa masa wuya, bai ko lura ba. Huguette ta nemi yayanta da ido ta same shi a layi na huɗu. Ba ya fito, ba ya tafi. Hannuwansa na cikin aljihu, yana kallon takalmansa.

Masu gadi biyu suka je suka taho da Zenon a hankali. A lungu Solène ta zo da tawul tana ba da haƙuri, tana cewa ƙungiya za ta fitar da sanarwa ta yi tir da abin da ya faru. Huguette ta karɓi tawul ɗin ta goge wa mijinta wuya. Aka ce su koma ɗakin baƙi, akwai abinci bayan wasa. Ta ja hannunsa suka fita ta ƙofar baya.

Titi fayau, kowa na ciki. Suka zauna a tashar bas su biyu. Daga bayansu filin ya sake ɗaukar gurnani, an dawo wasa. Zenon yana haki, kumatunsa sun yi ja, idanunsa na ƙyalli. Ya kama hannunta ya matse.

"Kin ji su, Huguette? Kin ji yadda suka yi wa 'yan Corvelle fito?"

"Na ji."

"Mutanena ke nan. Ko duniya za a ba ni, ba inda zan je."

Ta dube shi. Shekara arba'in da shida tana jiran a faɗi wannan maganar a gaban garin, ga shi an faɗe ta a tashar bas, ba mai ji sai ita.

Ya tambaye ta ko ya ci ƙwallo, wai ya kasa tunawa. Ta ce ya ci. Ya tambaya a wace raga. Huguette ta gyara masa wuyan kwat, ta leƙa titi ko bas na tafe.

"A tasu," ta ce.