Ranar da Aka Wanke Waken Mairamu

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Gombe, Mairamu ta iso unguwar Arawa daga wani ƙauyen Borno da zane biyu da ƙullin wake a cikin toka. Ba na ci ba ne, iri ne. Mahaifiyarta ce ta zaɓe shi tun a gona, daga tushen da ya fi lafiya. Bayan an ƙone rumbunan garin, shi kaɗai ya rage.

Hajiya Saudatu, mai sayar da atamfa, ita ta ba ta ɗaki. Mace ce mai kirki, sai dai tsafta ta yi mata yawa, kuma tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Wata safiya, ana cikin zafin bazara, ta ga wake buɗu-buɗu da toka a ƙwarya. Ta wanke shi tas, ta jiƙa, wai za ta yi wa baƙuwarta ƙosai.

Mairamu ta dawo daga aikatau ta tarar ya kumbura. Ta ɗora hannu a ka tana salati.

"Wayyo Hajiya! Tokar ai maganin ƙwari ce. Irin da ya sha ruwa kuwa, ko a shuka shi yau ko ya ruɓe. Ga shi ko hadari babu."

"Yi haƙuri, Inna. Gobe zan auno miki wani a kasuwa."

Salatin ya jawo Bamanga, manomin da ke maƙwabtaka da su. Daga zaure ya ce, "Na kasuwa? Shi na shuka bara, Hajiya. Rabi bai fito ba, wanda ya fito ganyensa ya naɗe ya yi rawaya. An gauraya na gari goma, ba wanda ya san asalinsa. Ku dai kawo buhuna."

Nan fa gida ya hargitse. Aka tattaro buhunan siminti da fasassun bokitai, har da tsohuwar tukunyar biki. Bamanga ya turo ƙasa da kashin shanu a baro. Hajiya, wadda ko ƙura ba ta yarda ta taɓa mayafinta, ta tsuguna tana huda ƙasa da yatsa mai zobe. Daga ranar ta kama mai garuwa safe da yamma, ta kuma ƙulla gaba da duk akuyar unguwa.

Mairamu dai hankalinta bai kwanta ba. Kullum sai ta zagaya buhunan ta koma ɗaki.

Kafin mako ya zagayo, ta fito da safe ta tsaya cik. Kowane buhu ya yi kore, ganye shar, babu ko ɗaya mai tabo. Ta fashe da dariya, irin wadda ba wanda ya taɓa ji daga bakinta a gidan, hawaye na zuba.

"Hajiya!" ta ƙwala kira. "Fito ki gaisa da mutanen garinmu, sun iso lafiya."