Ranar da Suruki Ya Hau Kunkuru

Ranar Laraba ce, cikin watan Agusta na 1987. Tun asuba ake ruwa a Tudun Wada, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa, sai wajen hantsi ya ɗauke, ya bar gari jiƙe sharkaf da sauran hadari ta gabas. Ɗanliti yana ƙofar gida yana goge motarsa da tsumma, sai matarsa Hajara ta leƙo daga zaure.

"Baba ya aiko," in ji ta. "Wai ka zo ka kai su gaisuwar rasuwa bayan Riruwai, shi da Inna Kulu."

Ɗanliti ya tsaya da tsumma a hannu. "Baba? A wannan motar?"

"Kana da wata ne?"

Ba shi da wata. Ƙaramar mota ce mai ƙusumbi, irin wadda ake kira kunkuru, ruwan ƙasa-ƙasa, ta girmi auren nasu da shekara goma sha biyu. Wurin wani tsohon ma'aikacin ruwa na Tiga ya saye ta, bayan ya sayar da shanun huɗa biyu da ya gada. Ranar da ya shigo da ita gari, surukinsa Alhaji Inuwa, babban ɗan kasuwar hatsi, ya dube ta daga kan tabarmarsa ya ce wa abokan hira, "Ya ba da masu cin ciyawa su ba shi taki, ya karɓo mai shan fetur ta ba shi hayaƙi." Maganar ta zaga gari. Shekara ɗaya da rabi ke nan, Alhaji bai taɓa ko dafa motar ba. Shi kuwa Ɗanliti da ita yake ci da gidansa, yana jigilar mutane da kifin Tiga zuwa kasuwanni, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ranar da Alhaji zai janye waccan maganar.

Kunkurun tana da halinta na kirki. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, don haka ba ta neman ruwa, ba ta tafasa a hawa. Galan ɗaya ya kai ta inda manyan motoci ke shan biyu. In ta yi gardama, Bature bakanike zai lallashe ta da sifana da guntun waya. Amma tana da nata. Ƙofa biyu gare ta, sai an kwantar da kujerar gaba kafin mutum ya kutsa gidan baya. Ƙararta kamar injin niƙa. Sannan batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, ta hannun dama, kuma murfinsa ya ɓace tun kafin ta zo hannun Ɗanliti.

Bature ya taɓa ɗaga kujerar ya nuna masa. "Ka ga sifirin ɗin nan na ƙarfe? Ka ga kawunan batir? Tsakaninsu yatsa biyu ne. Ranar da ƙato ya zauna a nan suka haɗu, wuta ce. Cikin kushin ɗin nan kuwa duk zare ne busasshe." Ya yanko robar cikin taya ya shimfiɗa a kan batirin, ya ce ko da robar, mai nauyi gaba zai zauna. Tun daga nan Ɗanliti yake tsara fasinja kamar mai awon hatsi: masu jiki gaba, ramammu baya.

Alhaji Inuwa kuwa, in ya zauna a benci, sai mutum biyu sun tashi.

Da ya isa ƙofar gidan surukan ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa a ƙasa.

"Baba, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," in ji Alhaji, yana duban wani wuri. Bai faɗi dalilin aiken ba, amma kowa ya sani. A-kori-kurarsa ta tafi jiya da buhunan sadaka, ta kafe a wata fadama bayan Riruwai, har yanzu tana can. Wadda ta rasu kuwa Asibi ce, ƙanwar mahaifiyarsa, yau sadakar uku.

Sai ga Inna Kulu, mahaifiyar Alhaji, ta fito tana dogara sanda, 'yar tsohuwa kamar a hure ta ta faɗi. Ita kaɗai ce a gidan take wasa da Ɗanliti, wasan kaka da mijin jika.

"Angona! Yau dai za a ɗauki uwargida a ƙwaryar nan taka? Ko sai waccan mummunar Hajara?"

"Ai don ke na saya, Inna. Ita aro take yi."

"Maƙaryaci. Buɗe mini, gwiwoyin nan ba sa lanƙwasuwa."

Nan lissafinsa ya rushe. Tsohuwa ba za ta iya kutsawa baya ba, gaba za ta zauna. Ya yi sauri ya zagaya ya buɗe ƙofar direba, ya kwantar da kujerarsa, don Alhaji ya shiga ta hagu. Alhaji bai ko dubi wajen ba. Babban mutum ba ya zama a bayan ƙeyar direba. Ta dama ya nufa, ya tattare babbar rigarsa ta shadda, ya sunkuya, ya shiga da ƙyar yana nishi, ya zauna daidai kan batir. Motar ta yi ƙasa ta wannan gefen. Yaran gida suka cika ɗaya gefen da ƙwaryar goro da tabarmi da langar abinci.

A lokacin ne Ɗanliti ya tuna. Robar nan ba ta wurin. Makon jiya maƙullin but ɗin gaba, wurin zuba kaya, ya karye, ya zaro ta ya ɗaure murfin da ita, yana cewa gobe zai yanko wata. Ga ta can a hancin motar, yana kallonta.

Ya buɗe baki. Me zai ce? Baba, ka yi nauyi? Baba, tashi in duba ƙarƙashinka? A gaban mahaifiyarsa da yaran gida da maƙwabta da suka fito sallama? Mutumin da ko sunansa bai taɓa kamawa ba, ko a bayan idonsa? Ya rufe bakin. Ya ce a ransa zai bi a hankali, ba zai faɗa rami ko ɗaya ba.

Suka kama hanya. A kan kwalta babu laifi. Suka ratsa dajin Falgore, itatuwa sun yi kore shar, birai na tsallaka titi, Inna Kulu tana ba da labarin yadda ita da Asibi suka taɓa zuwa Riruwai a ƙasa, zamanin da ake haƙar kuza. Ɗanliti yana amsawa da baki, kunnensa na baya. Duk ƙarar da kushin ya yi sai gabansa ya faɗi. Sau biyu yana shirya magana. A Doguwa ma ya rage gudu, da niyyar ya ce zai duba taya, in Alhaji ya fito shan iska sai ya cusa ko hularsa ce a kan batirin.

"Lafiya?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, Baba. Taya nake..."

"A wuce. Kada a yi addu'a ba mu."

Aka wuce.

Bayan Riruwai kwalta ta ƙare, aka shiga jar laka. Ba su yi nisa ba suka iso fadamar. Ga a-kori-kurar Alhaji ta nutse har gindi, direbanta Sale da wasu Fulani makiyaya sun yi kaca-kaca da taɓo suna tura mata itace. Sale ya ɗaga hannu yana ihu.

"Kai, Ɗanliti, koma! Babbar mota ma ta gaza, bare wannan kwano!"

Ɗanliti ya dubi lakar. Wannan kam ya san ta. Nauyin kunkuru a kan tayoyin baya yake, yau kuma ga ƙarin Alhaji. Ya sa giya ta biyu, ya riƙe sitiyari da kyau, ya shiga. Motar ta yi kuka, ta karkata, ta watsa taɓo har kan rufinta, gindinta ya yi rawa hagu da dama, amma ba ta tsaya ba. Ta wuce a-kori-kura kamar ba ta gan ta ba, ta haye gangaren can, ta yi tsalle ɗaya a kan wani dutse, ta dira a busasshiyar ƙasa. Makiyayan suka ɗaga sanduna suna sowa.

Inna Kulu ta tafa hannu. "Ahayye! Angona ya fi ɗana mota!"

Daga baya aka yi gyaran murya. "Ashe abin nan yana da zuciya," in ji Alhaji. Sannan ya ƙara da cewa, "Ba a yi asarar shanun nan ba."

Ɗanliti ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙirji. Shekara ɗaya da rabi yake jiran wannan. Don daɗi har ya manta da tsallen da suka yi a kan dutse.

Sun yi tafiyar da ba ta fi a sha fura a tashi ba, Inna Kulu ta ɗaga hanci.

"Wa ke babbakar kan akuya a dajin nan?"

Ɗanliti ya saci kallon madubi. Alhaji yana zaune ƙiƙam, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa, ya cije leɓe, yana ɗan gyara zama kaɗan-kaɗan. Bai ce komai ba. Ta gefen cinyarsa wani siririn hayaƙi yana tashi.

Ɗanliti ya taka birki da dukkan ƙarfinsa.

"Inna, fita! Wuta!"

Tsohuwa ta hau salati tana laluben sandarta. Ya dira, ya zagaya, ya fizge ƙofar, ya sungume ta kamar jaririya ya ajiye a kan ciyawa. Ya dawo ya ja kujerar gaba don ta kwanta, ta ƙi, sandar Inna ta maƙale a ƙarƙashinta. Hayaƙi ya riga ya cika motar, baƙi, mai ɗaci. Ya doki kujerar da ƙafa, sandar ta karye, kujera ta kife. Alhaji yana ta ƙoƙarin tashi, amma rufin ya yi masa ƙasa, rigar ta naɗe masa ƙafafu, ga harshen wuta ya fito ta bayansa ya kama shaddar. Sai ya daskare, ido a waje, yana tari.

"Baba, miƙo hannu! Baba!"

Ko motsi.

"Inuwa! Miƙo hannunka, Inuwa!"

Alhaji ya zabura kamar an mare shi. Ya miƙo hannu. Ɗanliti ya kama da hannu biyu, ya taka dokin ƙofa, ya ja. Rigar ta kece tun daga wuya, suka zubo tare cikin kwatamin gefen hanya, ya hau danna bayan surukinsa cikin taɓo har wutar ta mutu.

Sale da makiyayan suka iso da gudu. Aka yi ta watsa laka da hannu, da ƙwarya, da hula. Ina! Kushin ya kama, rufi ya kama, gilashi ya fashe. Ɗanliti ya yunƙura zai koma, wani dattijon Bafulatani mai suna Dikko ya riƙe shi ta ƙugu.

"Tankinta a gaba yake, ko? To tsaya nan, ɗan'uwa."

Da wutar ta isa tanki sai da ƙasa ta girgiza. Kowa ya ja da baya. Suka tsaya suna kallo har ƙusumbin motar ya yi baƙi, tayoyi suka narke. Ɗanliti bai san yana zaune a ƙasa ba sai da ya ji sanyin laka ya ratsa wandonsa.

Alhaji yana kan wani dutse, an yafa masa mayafin Inna, ya zauna a karkace saboda ƙuna. Ya daɗe yana kallon hannunsa, wanda aka ja. Sannan ya juya wajen mahaifiyarsa, don har yanzu bai iya duban surukin ba.

"Inna, tambaye shi. Me ya kawo wutar?"

Ɗanliti ya faɗa, kansa a ƙasa, yana in'ina: batir, sifirin, robar da ya cire, gargaɗin Bature.

"Tambaye shi, tun yaushe ya sani?"

"Tun ƙofar gida, Baba."

"Tun ƙofar gida!" in ji Alhaji. "Da uwata a ciki! Me ya hana shi magana?"

Inna Kulu ce ta amsa, kuma babu wasa a muryarta yanzu.

"Kunyarka ya ji, ka sani sarai. To kai fa? Ni na ji ƙauri, kai kana zaune a kai. Tun yaushe ka ji zafi?"

Alhaji ya kawar da kai.

"Da kai nake, Inuwa."

"Tun da muka haye fadama," ya ce a hankali.

"Ka yi shiru?"

"Inna, a gabanki, a gaban yaron nan, in ce ina ne yake mini zafi?"

Wani matashi cikin makiyayan ya toshe baki ya juya baya. Inna Kulu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe haɓa.

"Innalillahi. Maza biyu da gemu, kowa ya san wuta na ci, kowa na jin nauyin kowa. Da yau an haɗa sadakata da ta Asibi."

Can Alhaji ya miƙe da ƙyar. Ya zo daidai inda Ɗanliti yake, ya tsaya, har yanzu idonsa na kan ƙarfen da ke hayaƙi.

"Sunan nan da na ji an kira," ya ce, "ban ji shi ba."

"To, Baba."

"Hannun kuwa na ji shi."

Ya wuce, yana takawa a hankali, Sale na riƙe da shi. Dikko ya kawo jaki aka ɗora Inna Kulu. Ɗanliti ya bi su a baya da ƙafa, yana waiwaye, har hanya ta karya kwana.

Ba su sami addu'ar ba, an shafa kafin su isa. Abin da wutar ta ci a ranar: kunkuru ɗaya da takardunta, babbar riga ta shadda, ƙwaryar goro, tabarmi biyu, langar tuwo, sandar Inna Kulu, hular Ɗanliti, da fatar Alhaji daidai tafin hannu biyu, a wurin da har yau babu wanda ya faɗa a gabansa. Rai ko ɗaya bai salwanta ba. Shanun huɗan da aka sayar aka sayi kunkurun kuwa, biyu ne.