Idanun Baba Mati a Cikin Kwamfuta

A kan murfin kwamfutar ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Wara akwai wata 'yar takarda da aka manna da salatif, an rubuta da jan biro: "Kada a sabunta sai an kira ni." Madam Christiana ce ta manna ta, matar da ta zo ta koya musu aikin GPS, na'urar nuna hanya, shekara biyar da suka wuce. Almustapha, sakataren ƙungiyar, kullum sai idonsa ya faɗa kan rubutun nan kafin ya buɗe kwamfutar. Don haka kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai.

Abin da ya ja shi kuwa abin kunya ne a faɗa: katin gayyata. 'Yarsa Hamdiyya ta sauke Alƙur'ani, za a yi walima, shi kuma ya ɗaura niyyar sai ya tsara katin da hannunsa, mai fure da ruwan zinare, irin wanda ya gani a Yelwa. Manhajar tsara katin ta ƙi zama, ta ce sai an sabunta tsarin kwamfutar gaba ɗaya. Ya dubi jan rubutun, ya dubi allon, ya ce a ransa ai Madam ta cika tsoro. Ya danna. Kwamfuta ta yi ta mutuwa tana tashi har la'asar, sannan ta farka fes da sabuwar fuska. Kati kam ya yi kyau, wannan ba mai ƙwace masa.

To amma ba don kati aka ba ƙungiya kwamfutar ba. Duk wanda ya san tafkin Kainji ya san ba ruwa kaɗai ke cikinsa ba. Daji guda ruwa ya haɗiye lokacin da aka yi dam, itatuwan suka mutu a tsaye, kuma kututturansu na nan ƙasa har yau. In tafki ya cika, jirgi kan miƙe ta kansu ba abin da zai taɓa shi. In bazara ta zo ruwa ya fara ja da baya, sai kawunansu su tsaya dab da saman ruwa, ido bai ganinsu, amma cikin jirgi yana samunsu. Lokacin ne ake barin hanyar cika a koma hanyar ja-baya, mai kwana-kwana, wadda ke bin tsohon kwarin kogi.

Mutumin da ya haddace hanyoyin nan biyu shi ne Baba Mati, wanda ya shekara arba'in yana tuƙi. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya zauna a goshin jirgi, Almustapha a gefensa riƙe da GPS, suka yi ta kai da kawowa har shekara biyu, tsoho na nunawa, na'ura na ɗauka. Ranar da suka gama, Baba Mati ya dafa murfin kwamfutar ya ce, "To Sakatare, ga idanuna nan na ba ka ajiya. Ni na huta." Tun daga ranar yake zama gindin mangwaron kwata, inda jirage ke lodi, yana ɗinkin komar kamun kifi da lalube. Matuƙa kuma, kowa da tasa na'urar GPS, suka sakankance. Hanya ɗaya ake ɗora wa na'urar kowa don kada ya rikice, in lokaci ya juya ya kawo ofis a canza masa.

Mako uku bayan kati, ranar wata Alhamis, Cindo ya shigo ofis yana fifita da hula. Shi ke da babban jirgin da ke kai mutane kasuwar ƙetare kowace Lahadi, mutum ne mai baki, wanda in ya samu abin tsokana sai ya yi shekara yana jansa. Ya ajiye na'urarsa a kan tebur.

"Sakatare, gwafa ta kusa hitowa. Ɗora mani hanyar ja-baya, Lahadi ina da lodi."

Gwafar da yake nufi wani kututture ne mai rassa biyu a bakin kwata. In rassan suka leƙo, an bar hanyar cika ke nan, ba gardama.

Almustapha ya jona waya, ya danna manhajar taswira. Ta buɗe ido, ta rufe. Ya sake dannawa, sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito yana cewa manhajar ba ta dace da wannan tsarin ba. Ya canza rami, ya hura bakin wayar, ya kashe ya kunna. Kwamfutar ko alamar ta san an jona mata wani abu ba ta yi ba. Cindo na can bakin ƙofa yana ba wasu matuƙa biyu labari suna ta dariya.

"Mi ya samu abin naka, Sakatare? Ko ita ma azumi takai?" in ji Cindo.

Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Kalma nawa ce? Amma ya hango Cindo yana ba da labarinsa a kwata, sakataren da ya lalata kayan ƙungiya saboda katin walima. Sai ya zare wayar, ya miƙa masa na'urar ya ce, "An gama." A ransa yana cewa gobe zai gyara, ya nemi dalili ya karɓo ta. Cindo ya jefa ta aljihu ya fita yana fito, da hanyar cika a cikinta kamar yadda ya shigo da ita.

Suna fita ya kira Madam Christiana, wadda yanzu aka mayar can wata jiha. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba, abin da ya fi masa zagi ciwo.

"Yaushe ka sabunta?"

"Mako uku ke nan, Madam."

"Ayya, Malam Almustapha. Da cikin kwana goma ne da an mayar da ita yadda take. Hanyoyin na nan ciki, ba su ɓace ba, amma sabon tsarin bai san manhajar ba, bai san na'urorinku ba, sun tsufa. Sai na zo da tsohuwar kwamfutata mun kwashe. Ka ba ni mako biyu." Sannan ta tambaya, "Ruwa ya fara ja?"

"Kaɗan."

"To ka gaya wa matuƙa yau, kada kowa ya bi na'ura. Ka ji ko?"

Ya ce ya ji. Bai gaya wa kowa ba.

Juma'a bayan masallaci ya koma ofis ya yi ta fama. Asabar ya hau mota da kwamfutar har Yelwa wurin wani mai gyara, wanda ya juya ta, ya latsa nan ya latsa can, ya ce shi waya da firinta ya sani. A hanyar dawowa ya yi ta lallashin kansa. Ai gwafa ba ta fito ba tukuna. Ai bara har mako biyu aka ƙara ana bin hanyar cika. Ai Cindo ba yaro ba ne. Mai laifi ba ya rasa lauya a cikinsa, kuma na Almustapha ya iya magana. Duk da haka tuwon da aka ajiye masa haka aka ɗauke shi.

Lahadi da safe ya tarar da matarsa Murja ta yi shiri, ta yafa mayafi, tana ɗaure bakin jaka. Za ta ƙetare sayen kayan miyar walima, ta kuma kai wa danginta katin. Ya manta sam da zancen.

"Ki bari sai wani mako," ya ce.

"Wane mako kuma? Walimar jibi-jibi ta."

"Na ce ki bari. Jikina bai ba ni tahiyar ga ba."

Murja ta saki jakar ta dube shi. Shekara goma sha bakwai suna tare, ba ta taɓa jin jikinsa ya ba shi ko ya hana shi wani abu ba. Mutumin takarda da biro ne.

"Baban Hamdiyya, mi ka sani game da jirgin ga?"

Ya kau da kai, sai ta ci gaba.

"In akwai abin da ka sani, maƙwabciyarmu Zulai'atu ta riga ta tahi kwata da goyonta. Inna Altine ma da kwandunan kihinta. Su jikinka bai ce komai ba a kansu?"

Maganar ta shige shi har ƙashi. Sai yanzu ya ga abin da ya yi tsirara. Ashe ya yarda akwai haɗari, tunda ga shi ya tare tasa matar. Matan mutane da 'ya'yansu ne ya bar wa Allah. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ya tsani kansa. Ya fizgi damin katin daga bakin jakarta ba tare da ya san dalili ba, ya zura takalmi ya fita da gudu-gudu.

Kwata ta cika. An ɗora buhuna, an ɗaure awaki, babura biyu na kwance a tsakiyar jirgi, mata na ta gyara zama. Abin da ya fara dubawa kututturen nan ne. Rassan biyu sun fito kusan kamu guda, har wani ɗan tsuntsu ya samu wurin zama. Cindo na tsaye a bayan jirgi, hannunsa kan igiyar inji.

"Cindo! Kada ka tada!"

Duk aka waiwayo. Ya so ya ja shi gefe su yi magana a asirce, amma tsakaninsu akwai mutum sittin da ruwa. Dole ya faɗa daga inda yake tsaye, da ƙarfi, kowa na ji. Ya ce na'urar hanyar cika ce a cikinta. Ya ce ƙarya ya yi ran Alhamis. Ya ce shi ya sabunta kwamfuta bayan an hana, kuma saboda kati ya yi.

Ya zaci Cindo zai yi dariya ko ya yi zagi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ciro na'urar ya dube ta, ya dubi matan da ke jirginsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a hankali, "Da hannunka ka miƙo mani ita, Sakatare." Wata tsohuwa ta fara salati. Zulai'atu ta jawo goyonta gaba ta rungume.

Sai surutu ya ɓarke. Masu ɗanyen kifi suka ce in ba a tafi ba kayansu ya lalace. Wasu suka ce Cindo ya bi kwarin kogi da ka. Cindo ya girgiza kai, ya ce shekara uku yana bin layi a gilashin na'ura, rabin kwana-kwanar hanyar ta zube masa daga ka, ba zai ɗauki rayukan mutane a kan wataƙila ba.

Duk abin nan Baba Mati na gindin mangwaro yana ji. Ya ajiye komarsa, ya lalubi sandarsa ya miƙe. Aka dare masa hanya. Almustapha ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ajiyar da ka ba ni..."

"Na ji, ba kurma ni ke ba," tsohon ya ce. "Tashi ka kama ni. Ku kai ni goshin jirgi."

"Baba, ai ba ka gani."

"Kai kana gani. Hanya na cikin kaina, alamomi na bakin gaɓa. Ka zauna inda ka saba zama, ka riƙa gaya mani, ni in gaya ma Cindo."

Mutum biyu suka ɗaga shi. Bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Wannan shi ne mutumin da ya ce ya huta. Aka sa masa rigar ruwa, aka ba shi gora ya riƙe. Murja ta iso a lokacin, ta wuce mijinta ta shiga ta zauna kusa da Zulai'atu.

Inji ya tashi a hankali. Baba Mati ya tambayi ko ginginya biyu na tudun hagu sun haɗu sun zama ɗaya, Almustapha ya ce saura kaɗan, sannan ya ce sun haɗu, tsoho ya ɗaga hannun dama, Cindo ya karya. Almustapha ya laluba aljihu don ya rubuta, bai samu komai ba sai biro da katunan walima. Ya juya na farko ya rubuta a bayansa: ginginya biyu, a karya dama.

Sun yi kamar rabin sa'a suna tafiya sai ya hango wani abu can hagu, daidai inda layin na'urar ya miƙe. Ruwa na ɗan murɗawa a wuri ɗaya, kuma in igiyar ruwa ta sauka sai wani baƙin kan kututture mai faɗin turmi ya leƙo ya koma. Cindo ma ya gani.

"Yanzu sai farin dutse," in ji Baba Mati. "Yana nan gaba, ƙarƙashin tsamiya. Ka gane shi?"

Almustapha ya ƙura ido. Akwai tsamiya, akwai wani abu fari-fari, amma rana na dukan ruwa, ya kasa tantancewa ko dutse ne ko shanya. Bakinsa har ya buɗe zai ce e. Tsohon ya lalubo gwiwarsa ya riƙe gam.

"Sakatare, in ba ka gani ba, ka ce ba ka gani ba. Sai mu tsaya."

Hawaye suka cika masa ido har tsamiyar ma ta ɓace. Ya share da hannun riga, ya sake dubawa.

"Ban gani ba, Baba."

Baba Mati ya ɗaga gora sama, Cindo ya rage wuta, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar tafki da mutum sittin, suna jira.