Gogen Ɗanbaba a Gindin Tsamiya

Da bikin wasannin kwaikwayo na matasa ya zo Madarumfa, manyan ƙungiyoyi aka ba dandali da lasifika. Su Toma aka ba gindin tsamiya a bayan katanga, da ɗan lokaci bayan la'asar. Bai damu ba. Abu ɗaya yake so: Madam Barira, mai zaɓen wasannin da za a kai Maraɗi, ta ga nasu har ƙarshe, ta ɗauka.

Wasan ba magana a cikinsa. Susana ce kaɗai, tana kwaikwayon matar da mijinta ya tafi cirani bai dawo ba, sai goge yana faɗin abin da ke ranta. Mai gogen Ɗanbaba ne, wani tsoho daga Gabi da ke yi wa 'yan bori kiɗa. Toma kuwa ɗan mishan ne. A kunnensa goge duk ɗaya ne.

Da safe ya ce masa, "Baba, in Susana ta faɗi ƙasa, ka ja kiɗan da ya fi shiga jiki."

Tsohon ya dube shi. "Shi kake so?"

"Shi."

"To, ɗan mishan."

Madam ta zo, aka ba ta kujera. Wasa ya tafi daidai har Susana ta faɗi. Ɗanbaba ya sauya kiɗa. Toma bai taɓa jin irinsa ba. Yana cikin mamaki sai wata tsohuwa a bayan 'yan kallo, Inde mai tallan gyaɗa, ta saki wani irin gurnani. Ta ratsa mutane ta shigo fili, ta zube kusa da Susana, tana magana da muryar da ba tata ba.

Toma ya lallaɓa wurin mai goge. "Baba, tsaya."

"Doguwa ce ta hau ta," in ji Ɗanbaba, hannunsa bai tsaya ba. "In na bari yanzu, wa zai sauke ta? Kai?"

"Ka san haka za ta faru?"

"Na ɗauka garin ga duk kun zama malamai, ba sauran 'yan bori."

Mata biyu suka fito suka riƙe wa Inde zane. Susana tana kwance, ta buɗe ido ɗaya tana tambayar Toma ko ta tashi. Shi kuwa kallo ya ɗauke masa hankali. Ya ga yadda kafaɗar tsohuwar ke bin gogen, ya kasa gane wanda ke jan wani. Ƙungiyar da za ta yi wasa bayansu tana ta nuna masa agogo. Can Inde ta yi atishawa, jikinta ya saki, kiɗa ya mutu. Lokacinsu ma ya ƙare.

Madam Barira ta kira shi. "Tsohuwar nan taku ta iya. Da ita za ku zo Maraɗi."

"To" kawai zai ce, shi ke nan. Ya waiga. Ana ba Inde ruwa, matan nan biyu na riƙe da ita.

"Ba tamu ba ce, Madam. Kallo ta zo."

Madam ta dube shi. "To, mi na gani naku?"

"Rabi."

"Ba na kai rabin wasa Maraɗi, Toma. Sai baɗi."

Ta tashi ta nufi dandali. Susana ta kakkaɓe zanenta ta wuce. Toma ya daɗe a tsaye, sannan ya je ya tsuguna gaban tsohuwar.

"Sannu, Iya. Mi kika ji sa'ad da ya sauya kiɗan?"

Inde ta goge bakinta. "Ni ina can nesa, yaro, ban san abin da aka yi ba. Ku da kuka gani, ku ba ni labari."

Ya gyara zama a ƙasa, ya fara ba ta.