Karɓa-karɓar Shara

Garuruwa uku ne a jere a kan hanya ɗaya, kowanne da sharar da ta fi ƙarfinsa. Da shugabanninsu suka gaji da zargin juna da jibge bola a kan iyaka, sai suka zauna suka daidaita. Za a haɗa motocin kwasar shara wuri guda, a sayi injin matse robobi guda, sannan a riƙa zuba sharar duka ukun a rami ɗaya, kowane gari ya karɓi shekara. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Da aka zo kan wanda zai fara kuwa, kowa ya shiga gyaran hula.

Dogo ne mai kula da sashen tsabta na garin tsakiya. Takwaransa na garin gabas tsohon abokinsa ne, ɗaki ɗaya suka zauna a makarantar koyon aikin tsabta. Ba-Matsala ake ce masa, don ko gidansa ka ce ya kama wuta, amsar da zai ba ka ke nan. Shi ya ja Dogo gefe a ranar taron.

"Ku fara mana," in ji shi. "Ku kuna da tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini, mu namu sai an gyara. Mu ajiye injin, ku ku karɓi shekarar farko. Tana cika ka turo mana motocin, ni da kaina zan buɗe maka ƙofa."

Dogo ya yarda, ya kuma shawo kan shugabansa. Inda wuyar take shi ne ramin a bayan unguwar da aka haife shi yake, kuma gidan da ya fi kusa da shi na yayarsa ne, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Wanki da guga take yi. Da shi ta saya masa takalmin makaranta, da shi take riƙe marayunta yanzu.

Ya same ta a tsakar gida tana matse zanin gado.

"Yaya, shekara ɗaya ce. Daga nan a binne ramin, a dasa itatuwa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Auta, mai wanki da iska take sana'a. Ka san da haka?"

"Na sani."

"Kai ka faɗa, ko an aiko ka ka faɗa?"

"Ni na faɗa."

"To shi ke nan."

Ita ta bi gida-gida tana lallashin mata, tana cewa ƙaninta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Unguwar ta haƙura don ita, ba don hoton da aka ɗauka ba.

Shekarar ta zo da duk abin da ake tsoro. Motoci tun safe, ƙudaje kamar an yi musu gayya, leda a kan kowace bishiya. In ramin ya kama wuta da kansa, hayaƙin sai ya kwana uku yana yawo a ɗakunan mutane. Kayan da Yaya ta shanya suka fara ɗaukar wari. Masu otal ɗin da ke kawo mata zannuwa suka janye, malaman asibiti suka bi bayansu, kowa da uzurinsa na ladabi. Ta kwance igiyoyinta, ta koma shanya 'yan kayan da suka rage a cikin ɗaki, inda suke bushewa da warin danshi. Ba ta taɓa yi masa gori ba. In ya zo gaishe ta sai ta ce, "Saura ƙiris, ko?" Shi kuma ya ce saura ƙiris.

A can gabas kuwa injin yana ta aiki. Ma'aikatan Dogo ne ke tsince robobi da gwangwanaye daga cikin ruɓaɓɓiyar shara, a wanke, a loda, a kai musu fes. Duk wata Dogo yakan raka kayan, kuma duk wata Ba-Matsala na tarar sa a bakin gari, inda rumbun injin yake. Ya rungume shi, ya sa a kawo lemo mai sanyi. In Dogo ya ce su leƙa ramin nasu, sai ya ce, "Ana kan aiki, ba matsala. Hanyar ce duk taɓo, kar ka ɓata takalminka." Dogo ya riƙa ɗaukar wannan a matsayin karamci.

Ranar da shekara ta cika, ya sa sabuwar rigar aiki. Ya rufe ƙofar raminsu da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya shiga gaban motar farko. Sauran suka biyo shi a jere, kowace cike maƙil. Direban har waƙa yake yi.

Hanyar ramin gabas ba ta da taɓo ko kaɗan, an ma zuba mata tsakuwa. A ƙarshenta babu rami. An cike shi, an daddaɓe, an gina ajujuwa uku a kai. Yara na ciki suna maimaita karatu da ƙarfi. Dogo ya sauko ya tsaya. Ba jiya aka yi ginin ba, fentin ƙasan bango har ya fara dusashewa, ga sawun ƙwallo a jikinsa, ga bishiyoyin da aka dasa sun kai masa ƙirji.

Ba-Matsala ya fito daga inuwa, yau babu runguma.

"Na so in kira ka," in ji shi.

"Yaushe aka fara wannan?"

"Ka san shugabanni. Sabon namu ya ce bai san da wata yarjejeniya ba."

"Sabon naku wata huɗu ke nan da hawansa. Yaushe aka fara?"

Ba-Matsala ya kalli ƙasa. "Tun kafin taron aka ba da filin."

Dogo ya tuna lemon nan na duk wata, ya tuna yadda yake komawa gida yana yabon abokinsa wajen matarsa. Ba ɓacin rai kawai ya ji ba, kunya ce ta rufe shi, irin ta wanda aka daɗe ana yi wa dariya bai sani ba.

"Ka san gidan Yaya," ya ce. "Ka ci abinci a gidan nan. Ta wanke maka kaya muna ɗalibai."

"Na sani. Amma dubi yaran nan, Dogo. Ka ce in juye musu shara a ka? Ni ma unguwarmu ce. Da na faɗa maka gaskiya ba za ka yarda ba."

"Ba zan yarda ba."

"To ka gani."

Ya faɗe ta kamar wanda ya kawo hujja. Dogo ya bugo wa na garin yamma waya, aka ce ai su sai baɗi, ko alamar haƙa ba su yi ba. Ya bugo wa shugabansa, wanda ya ce za a kafa kwamiti, amma kafin nan shara ba za ta kwana a mota ba, shi Dogo ya san inda zai kai ta. Rana ta take, motocin sun fara ɗiga, malamar aji ta leƙo tana toshe hanci.

"A juya," Dogo ya ce wa direban.

Da suka karyo kwanar unguwar, sai Dogo ya hango fari a saman katangar Yaya. Ta ɗaura igiyoyinta duka, daga bango zuwa bishiya, daga bishiya zuwa ƙofa, ta cika su da zannuwan gado. Ashe tun makon jiya ta je ta roƙi masu otal, ta ce musu yau iska za ta gyaru. Tagoginta duka a buɗe, maƙwabta ma sun buɗe nasu, wasu sun fito da tabarmi ƙofar gida.

Ta ji ƙugin motoci ta fito, hannunta da kumfa. Ta ɗauka wucewa za su yi fanko, har ta ɗaga masa hannu. Sai ta ga tayoyin sun lotsa, ta ga ruwan da ke ɗiga a bayansu. Hannun ya sauko a hankali.

Dogo ya sauko daga mota. Daga nan zuwa ƙofar ramin dole ya bi ta gabanta, babu wata hanya. Matan da ta lallashe bara suna tsaye a bayanta, ita suke kallo, ba shi ba.

"Auta," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ka bari in kwashe kayan mutane tukuna."

Ya tsaya da makullin a hannu. Ta shiga tana sauke zannuwan ɗaya bayan ɗaya, da danshinsu, tana tarawa a kafaɗa. Ya matsa zai kama mata, ta ce a'a, hannunsa ba tsabta.